Sai Bango Ya Tsage: Yadda Ake Hasashen Ɓallewar Madatsar Ruwa Ta Kankare

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Mu ɗaliban harshe idan muka ji wannan karin magana, hankalinmu kan tafi ga zamantakewa, wato yadda saɓanin 'yan'uwa ke buɗe wa magabci ƙofa. To amma akwai wani fage da maganar ta zauna daram, shi ne fagen gina madatsun ruwa. A can bangon na kankare ne, ƙadangaren kuwa shi ne ruwa. Bambancin kawai, ƙadangare idan ya shiga tsaga fakewa yake yi, ruwa kuwa idan ya shiga, faɗaɗa ta yake yi.

A garinmu Danchuwa ta ƙasar Potiskum na fara ganin haka tun ina yaro. Akwai wani tanki na bulo da siminti da aka gina a ƙasa don tara wa shanu ruwa da rani. Wata shekara sai 'yar tsaga ta bayyana a gindin bangonsa, kaurinta bai fi na zare ba. Idan ruwa rabi ne ba a ganin komai, idan aka cika sai gindin ya yi danshi. Magini ya zo ya shafe ta da siminti ta waje, kowa ya ce an gama. Ba a yi wata biyu ba, wata safiya bayan an cika tankin, bangon ya kwanta gaba ɗaya. Allah Ya kiyaye, babu yaro a kusa.

Ta yaya tsaga mai kaurin zare za ta kayar da bango? Wannan tambaya ce injiniyoyi suka shafe fiye da shekara 100 suna bibiya. Wannan muƙala za ta yi bayanin amsar da suka samu, da yadda a yau suke amfani da lissafi da kwamfuta su hango inda tsaga za ta dosa a harsashin madatsa kafin ta kai can.

2.0 Ire-iren madatsun ruwa

Madatsar ruwa, wadda aka fi sani da dam, iri biyu ce babba. Akwai ta ƙasa, wadda ake jibge ƙasa da yumɓu da duwatsu a daddanne su har su zama tudu. Mafi yawan madatsun Arewa irin wannan ne, kamar ta Tiga a jihar Kano da aka kammala a 1974, da ta Challawa da aka kammala a 1992, da ta Bagauda wadda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, da kuma ta Alau da ke kan kogin Ngadda, wadda ruwanta ya mamaye Maiduguri a 1994, ya sake yin ɓarnar da ta fi ta farko a ranar 10 ga Satumba, 2024.

Sai kuma ta kankare, ita ma gida biyu. Akwai mai dogaro da nauyinta, wadda take zaune bisa dutse kamar ƙaton da ya ƙi tashi. Akwai mai siffar baka, siririya, wadda ke lanƙwasawa ta fuskar ruwa, ta miƙa turin ruwan ga duwatsun da ke gefenta na dama da na hagu. Tsakiyar madatsar Kainji da ke kan kogin Kwara, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968, kankare ce mai dogaro da nauyi. Haka ma tsakiyar madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Kai hatta madatsun ƙasa suna da sassan kankare, musamman mazubar ambaliya da gidan ƙofofi. Ke nan batun tsagewar kankare ya shafe mu kai tsaye.

3.0 Nauyin ruwa da turinsa

Ruwa yana da nauyin da ba kowa ke lura da shi ba. Akwatin da ke da mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi yana cin lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25, kuma nauyin wannan ruwa tan 1 ne. Duk mita 1 da aka ƙara a zurfi, matsin da ke kan kowane murabba'in mita na bango kan ƙaru da tan 1. A zurfin mita 10 matsin tan 10 ne, a zurfin mita 60 kuwa tan 60 ne. Shi ya sa tankinmu ba ya danshi sai an cika shi, kuma shi ya sa a gindi tsagar ta fito.

Abu na biyu, faɗin tafki ba shi ne ke ƙara turi ba, zurfi ne. Idan aka ninka zurfi sau 2, jimillar turin da ke kan bango kan ninka sau 4. Abu na uku, ruwa ba gaba kawai yake turi ba. Yana tura duk abin da ya taɓa, gefe da ƙasa da sama.

Shi kuma kankare yana da hali guda. Idan danna shi ake yi, jarumi ne. Idan jan sa ake yi, rago ne, domin juriyarsa ga ja ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 10 na juriyarsa ga danni ba. Mu kwatanta madatsa da mutumin da ke tsaye, ana tura shi ta baya. Yatsunsa za su nutse a ƙasa, dunduniyarsa kuwa za ta nemi ɗagawa. Injiniyoyi ma da waɗannan sunaye suke kiran gindin madatsa: ɓangaren da ke fuskar ruwa shi ne dunduniya, na bayanta shi ne yatsu. A dunduniya ake samun ja, a nan ne kankare ya haɗu da dutse, a nan ne kuma matsin ruwa ya fi ƙarfi. Saboda haka a nan tsaga ta fi son farawa.

4.0 Turin ƙarƙashi

Dutse ba ya rasa kafofi da jijiyoyi, kuma ruwa kan bi su ya ratsa ƙarƙashin madatsa. Da ya shiga sai ya riƙa tura ginin sama, ya rage masa nauyi, kamar yadda guga ke yin sauƙin ja tun yana cikin ruwan rijiya, sai ya fito a ji nauyinsa. Wannan shi za mu kira turin ƙarƙashi.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ce ga madatsa mai kusurwa uku, tsayinta mita 60, faɗin gindinta mita 50, sai mu yanko mita 1 daga tsawonta. Kankare ya fi ruwa nauyi kusan sau 2.4, don haka nauyin wannan yanki tan 3,600 ne. Turin da ruwa ke yi masa ta gefe tan 1,800 ne. Nauyi ya ninka turi, hankali kwance. To amma ruwan da ke ratsa ƙarƙashi, wanda matsinsa ke farawa da tan 60 a dunduniya yana raguwa har ya ƙare a yatsu, zai ɗauke tan 1,500. Saura tan 2,100. Yanzu a ce tsaga ta buɗe daga dunduniya ta shiga mita 20. A cikin tsagar nan matsin ruwa ba ya raguwa, cikakke ne, domin ƙofa a buɗe take zuwa tafki. Turin ƙarƙashi ya tashi zuwa tan 2,100, nauyin da ya rage tan 1,500 kacal, ƙasa da turin gefe. Ba a cire ko tsakuwa ɗaya daga ginin ba, amma fiye da rabin nauyinsa ya tashi aiki.

A nan ne haɗarin yake. Tsaga ta shigo da ruwa, ruwa ya ɗaga gini, ɗagawar ta ƙara ja a bakin tsaga, tsaga ta ƙara tafiya, ta sake shigo da ruwa. Da asarar rayuka aka gane wannan darasi. Bayan ɓallewar madatsar Bouzey a Faransa a 1895, injiniya Maurice Lévy ya kawo ƙa'idar cewa dole dannin da ke fuskar madatsa ya fi matsin ruwan da ke wurin, don kada ruwa ya sami ikon buɗe tsaga. Duk da haka a watan Maris na 1928 madatsar St. Francis da ke kusa da Los Angeles a Amurka ta ɓalle, ta ci rayuka fiye da 400.

5.0 Yadda tsaga ke tafiya

Duk wanda ya taɓa sayen yadi a kasuwa ya ga wannan ilimi a aikace. Ƙato biyu za su ja yadi mai kyau su kasa raba shi. Amma mai shago zai ɗan ƙyasta bakinsa da almakashi, ya ja da yatsu, sai ka ji ƙyaaat, ya rabu gida biyu. Dalili shi ne, duk ƙarfin jan ya taru a kan zare ɗaya da ke bakin yankar. Da ya tsinke sai na bayansa ya karɓi nauyin, shi ma ya tsinke.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna A. A. Griffith ne ya mayar da wannan lissafi a 1921, bayan gwaje-gwajen da ya yi a kan gilashi. Ya nuna cewa kowane abu yana ɗauke da ƙananan tsagogi, kuma akwai wani tsawo da idan tsaga ta kai shi, ba ta ƙara jiran a ƙara mata ƙarfi, da kanta take gudu. A 1957 George Irwin na Amurka ya samar da ma'auni guda da ke nuna yawan ƙarfin da ya taru a bakin tsaga, sai a gwada shi da juriyar abin da ake magana a kai. Idan ma'aunin bai kai juriya ba, tsaga na nan tsaye. Idan ya kai, ta tafi.

Sai dai kankare ba gilashi ba ne. Haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa, don haka ba ya rabuwa tsaf lokaci guda. A gaban bakin tsagarsa akwai yanki da ya tsattsage amma bai dare ba, tsakuwoyi na riƙe da juna, kamar rake da aka karya amma zarurrukansa ba su saki ba. Arne Hillerborg na jami'ar Lund a ƙasar Suwidin da abokan aikinsa suka shigar da wannan yanki cikin lissafi a 1976: yayin da tsaga ke buɗewa, riƙon yana raguwa sannu a hankali har ya ƙare. A lura da yadda Hausa ta riga ta tanadi kalmomin matakan nan: tsattsagewa, tsagewa, darewa, sannan ɓallewa. Aikin injiniya shi ne ya gane a wane mataki gini yake, da tazarar da ta rage zuwa na gaba.

6.0 Kwaikwayo a kwamfuta

Ba a gina madatsa a cika ta har ta fashe don a ga iyakarta. Abin da ake yi shi ne a gina kwatankwacinta da lissafi a cikin kwamfuta, a azabtar da shi yadda ake so. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce ta gutsattsarawa. Ana zana madatsar da dutsen da take kai, a yayyanka zanen gutsi-gutsi kamar idanun raga, dubbai ko miliyoyi. Lissafin gutsure ɗaya mai sauƙi ne, kwamfuta kuma ta haɗa su duka ta faɗi yadda kowane lungu ke shan danni ko ja.

Farfesa Ray Clough na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya raɗa wa hanyar suna a 1960. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin manyan ayyukan farko da aka gwada ta a kai shi ne madatsa mai tsaga, wato ta Norfork a jihar Arkansas, wadda shi da ɗalibinsa Edward Wilson suka nazarta a farkon shekarun 1960. Nazarin ya nuna cewa ginin zai iya ɗaukar nauyinsa duk da tsagar.

Akwai hanyoyi biyu na sanya tsaga a wannan raga. Ta farko, a raba gutsattsarin a bar rata tsakaninsu, tsagar ta fito a zane kamar yadda take a zahiri. Ta biyu, a bar ragar yadda take, amma a raunana gutsattsarin da tsaga ta ratsa. Ta farko ta fi dacewa idan an san hanyar da tsaga za ta bi, kamar mahaɗar kankare da dutse. Ta biyu ta fi amfani idan ba a san inda za ta ɓullo ba.

Daga nan sai a bi matakai kamar haka:

1. A ɗora wa gini nauyin kansa, da zafi da sanyin da yake sha a shekara.
2. A ɗaga ruwan tafki kaɗan, a lissafa danni da ja a ko'ina.
3. A duba bakin tsaga, ko ƙarfin da ya taru ya kai juriya.
4. Idan ya kai, a tsawaita tsagar, a zuba matsin ruwa cikin sabon ɓangaren da ya buɗe.
5. A sake lissafi daga mataki na 2 ba tare da an ƙara ruwa ba.

Sakamako ɗayan biyu ne. Ko dai tsagar ta yi 'yar tafiya ta shiga yankin danni ta tsaya, ko kuma kowane zagaye ya haifi wani har ta ratsa gindin. Tsayin ruwan da ya kawo na biyun shi ne iyakar madatsa. Tazarar da ke tsakanin wannan iyaka da ambaliya mafi girma da ake tsammani, ita ce rarar aminci da mutanen da ke ƙasan kogi ke kwana a kanta.

7.0 Madatsu biyu, ƙarshe biyu

Kwamfuta ba ta san gaibu ba, abin da aka ba ta shi take tauna. Kankare mutum ne ya kwaɓa shi, ya san abin da ya zuba. Dutsen harsashi kuwa tarar da shi aka yi, kuma ramukan gwajin da ake haƙawa tamkar soka allura ne a buhu don a san abin da ke ciki. Jijiya ɗaya da aka tsallake ta isa ta rushe lissafi.

Haka ta faru a madatsar Malpasset kusa da garin Fréjus a kudancin Faransa. Mai siffar baka ce, tsayinta kusan mita 60, aka kammala ta a 1954, kuma André Coyne, gwanin da duniya ta sallama wa a wannan fage, shi ya tsara ta. Tafkin bai taɓa cika ba sai a ƙarshen 1959, bayan ruwan sama mai yawa. Da daren 2 ga Disamba, jim kaɗan bayan ƙarfe 9, madatsar ta ɓalle, ruwa kusan mita kubik miliyan 50 ya gangara, mutum 423 suka rasu. Bincike ya nuna cewa kankaren ba shi da laifi. A ƙarƙashin gefen hagu akwai jijiyoyin dutse biyu da suka haɗu suka keɓe wani ƙaton yanki. Dannin madatsar ya matse kafofin dutsen, ruwan da ya shiga ta dunduniya ya rasa mafita, matsinsa ya taru har ya tumɓuke yankin dutsen tare da abin da ke kansa. Ba a yi wa harsashin ramukan tsiyaya ba. Bayan wannan masifa ne injiniya Pierre Londe da abokansa suka samar da hanyar lissafa zamewar irin waɗannan yankunan dutse.

Madatsar Kölnbrein ta ƙasar Ostiriya kuwa, mai tsayin mita 200, ita ma ta tsage a dunduniya lokacin da ake cika ta a 1978. Amma na'urorin awo sun nuna ruwan da ke tsiyaya ya ƙaru, matsin ƙarƙashi ya tashi. Aka rage ruwa, aka yi shekaru ana nazari da kwaikwayon lissafi, sannan daga 1989 aka gina mata ƙaton matokari na kankare ta baya. Tana nan tana aiki. Tsaga ta ziyarci madatsun biyu. Ɗaya an ji ta da wuri, ɗaya ba a ji ba.

8.0 Rigakafi

Ƙa'idar kare harsashi guda ce: a toshe ta gaba, a buɗe ta baya. Ta fuskar ruwa ana haƙa ramuka masu zurfi a jere, a ɗura ruwan siminti da ƙarfi ya cike kafofin dutse, ya zama kamar labule a ƙarƙashin ƙasa. Bayan labulen sai a haƙa ramukan tsiyaya, don ruwan da ya kuɓuce ya fita salin-alin ba tare da ya tara matsi ba. A cikin manyan madatsun kankare akwai lunguna da ma'aikata ke bi suna karanta ma'aunan matsin ruwa, suna auna yawan tsiyaya, suna duba igiyar awo da ke nuna ko ginin ya karkata. Da waɗannan alƙaluma ake gyara kwaikwayon kwamfuta, har ya yi daidai da halin ginin na gaskiya.

Ramukan tsiyaya kan toshe da shekaru idan ba a yashe su. Saboda haka raguwar tsiyaya ba kullum ne albishir ba. Alamomin da ke tayar da hankalin injiniya sun haɗa da sabon danshi inda ba a saba gani ba, da tsiyayar da ta ƙaru alhali ruwan tafki bai ƙaru ba, da ruwan da ya fara fitowa da laka, da ramin tsiyaya da ya ƙafe farat ɗaya. Masunci ko manomin da ke kusa da madatsa yana iya riga kowa ganin wasu daga cikinsu.

Mu 'yan Yobe muna da ruwa da tsaki a wannan batu. Ruwan Tiga da na Challawa ne ke biyo kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam ya nufi tafkin Cadi. Bayan ɓallewar Bagauda an sake duba Tiga, har aka rage tsayin mazubar ambaliyarta a 1992 don a sassauta mata nauyi. Irin wannan dubawa ba ranar ambaliya ake fara ta ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

9.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa madatsar kankare ta fi mutuwa ta gindi, inda ruwa ke shiga tsaga ya ɗauke wa gini nauyinsa, kuma lissafi na iya hango tafiyar tsagar matuƙar an san dutsen da ke ƙasa, an kuma ci gaba da awo. Idan muka koma ga tankin Danchuwa, yanzu mun san kuskuren magininmu. Da ya shafe tsagar ta waje, mafita ya toshe, mashiga kuwa tana nan a buɗe. Ruwan da a da yake tsiyaya ya tafi abinsa, sai ya tsaya cikin bango da cikakken matsinsa. Da ta ciki ya toshe, ya bar wajen yana numfashi, wataƙila da har yau shanu na shan ruwa a wurin. Danshin da muke ƙorafi a kai gargaɗi ne bangon ke yi mana, mu kuwa muka rufe masa baki.